Tambayoyi da amsoshi kan doguwar rayuwar aiki a shagon komik da wasanni

A garuruwa da dama na Amurka da Kanada da Ingila akwai wani nau'in ƙaramin shago wanda hajarsa ita ce mujallun labarin zane da ake kira komik, tare da wasannin kati da wasannin da ake bajewa a kan tebur. Galibin masu aiki a irin wannan shago matasa ne da ke yin shekara ɗaya ko biyu su kama gabansu, amma ba abin mamaki ba ne a tarar da mutum guda a tsohon shago wanda ya shiga yana ɗan makaranta, ya kuma yi furfura a bayan kanta ɗaya. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi rayuwar irin wannan mutum ne, kuma sun fi karkata ga Amurka, domin a can ne sana'ar ta fi kafuwa.

Me ya bambanta shagon komik da kantin sayar da littattafai?

Bambancin farko yana cikin hajar kanta. Komik na Amurka siririyar mujalla ce mai shafi kamar talatin da biyu, wadda ke fitowa sau ɗaya a wata, kuma kowace fitowa guntun labari ce da za a ci gaba da shi a wata mai zuwa. Saboda haka mai saye ba baƙo ba ne da zai shigo yau a daina ganinsa, domin labarin da ya ɗauko ba ya ƙarewa, kuma idan yana bin mujallu biyar ko goma to kusan kowane mako akwai abin da ke jiransa. Bambanci na biyu ya fi nauyi, ko da yake mai saye ba ya ganinsa. Kantin littattafai yakan iya mayar wa mawallafi abin da bai sayu ba, shi kuwa shagon komik a bisa al'ada ba shi da wannan dama. Abin da ya saro ya zama nasa, ya sayu ko ya yi kwantai. Duk wata dabara da tsohon ma'aikaci ya ƙware a kanta ta samo asali ne daga wannan sharaɗi guda.

Yaushe aka fara samun irin waɗannan shaguna?

Kafin shekarun 1970, komik a wurin masu sayar da jaridu da kantunan magani da na kayan masarufi ake samunsa. Abin da bai sayu ba sai a yage bangonsa a mayar wa kamfani a matsayin shaida, a karɓi kuɗi. Tsari ne mai yawan asara, kuma mai karatu ba shi da tabbacin zai sami fitowa ta gaba a inda ya sayi ta baya. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara buɗe shaguna na musamman: Gary Arlington ya buɗe nasa a San Francisco a 1968, kuma a wannan shekarar aka buɗe Lambiek a birnin Amsterdam. Amma wanda ya sauya fasalin kasuwar shi ne Phil Seuling, wani malamin sakandare a Brooklyn wanda ke shirya tarurrukan masu sha'awar komik. A farkon shekarun 1970 ya shawo kan manyan kamfanoni su riƙa ba shi mujallu da rangwame mai tsoka yana kai wa shaguna kai tsaye, bisa alƙawarin cewa ba za a mayar da ko ɗaya ba. Kamfanoni sun ji daɗin tsarin saboda sun daina buga abin da za a dawo musu da shi, masu shaguna kuma sun amince saboda a lokacin ragowar mujallu ba asara ba ce, ana adana su a sayar da su da tsada bayan 'yan shekaru ga wanda ya rasa wata fitowa.

Yaya mako guda yake kasancewa ga ma'aikacin shagon?

Makon shagon komik a kan ranar Laraba yake juyawa, domin ita ce ranar da sababbin mujallu ke hawa kanta. Kwalaye sukan iso kafin ranar, sai ma'aikaci ya buɗe su ya ƙirga abin da ke ciki yana gwadawa da takardar oda, ya ware waɗanda suka lanƙwashe ko suka yage a hanya domin a kai ƙorafi, ya kuma rubuta abin da aka biya kuɗinsa amma bai zo ba. Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, wato cika ajiyar kwastomomi. Kowane mai saye na dindindin yana da jerin mujallun da ya ce a riƙa ajiye masa, kuma yana da jaka ko gurbi mai ɗauke da sunansa a bayan kanta. Shagon da ke da irin waɗannan mutane ɗari biyu ko uku yana buƙatar wanda zai bi jerin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tsallake kowa ba, domin mutumin da ya zo ranar Laraba ya tarar an manta da shi, alhali fitowar ta ƙare, ba lallai ne ya yafe ba.

Sauran kwanakin sukan tafi a kan sa mujallu cikin leda da kwali mai tauri a bayansu don kada su lanƙwashe, da jera tsofaffin fitowa bisa haruffa da lamba, da amsa waya, da shara, da shirya tebura domin wasannin dare. Mai zaton cewa ma'aikacin yana wuni ne yana karatu a zaune ya yi kuskure, domin da yawansu sai sun koma gida suke samun sukunin buɗe abin da suka wuni suna sayarwa.

Mene ne ya fi wuya a cikin aikin?

Yin oda ne ya fi komai wuya, kuma a nan ne ake gane wanda ya daɗe da wanda ya zo jiya. Shekaru da dama, kamfanin rarrabawa na Diamond ya riƙa fitar da wani ƙaton kundi mai suna Previews kowane wata, wanda ke nuna abin da zai fito bayan wata biyu. Mai oda yana duba bango da 'yan layukan bayani da sunan marubuci da mai zane, sannan ya yanke shawarar kwafi nawa zai saro na abin da bai taɓa karantawa ba. Daga baya an ƙara wani wa'adi na kimanin mako uku kafin fitowa wanda za a iya gyara adadi a cikinsa, amma duk da haka sau da yawa yakan yi odar fitowa ta biyu tun bai ga yadda ta farko ta karɓu ba.

Lissafin kansa ba shi da sassauci. Rangwamen da shago ke samu yakan kai kusan rabin farashin da ke kan bango, gwargwadon yawan abin da yake saye. Idan ya saro kwafi goma na mujallar da ake sayarwa dala huɗu, sai ya sayar da biyar kafin uwar kuɗinsa ta dawo, kuma daga sauran biyar ɗin ne za a fitar da kuɗin haya da wuta da albashi. Idan uku suka yi kwantai, ribar ta kusa tafiya. Idan kuma ya ji tsoro ya saro shida alhali mutum goma ne ke so, ya tura mutum huɗu shagon wani, kuma ta yiwu su zauna can. Ga kuma tarkon bango na musamman, inda kamfani ke cewa sai shago ya sayi kwafi ashirin da biyar, ko ɗari, sannan a ba shi kwafi ɗaya mai bangon da ba kowa ke da shi ba. Wani lokaci kuɗin wannan kwafi ɗaya yakan biya asarar sauran, wani lokaci kuma shagon yakan wayi gari da tulin takarda.

Kwamfuta tana taimakawa wajen nuna abin da aka sayar a watannin baya, amma ba ta san cewa wane ya rasa aikinsa ya rage saye ba, ko cewa wance ba ta sayen komai sai idan wani mai zane ne ya yi aikin, ko cewa mutum uku da suka nuna zumuɗi a kan sabuwar mujalla ba su da al'adar biyan abin da suka sa aka ajiye musu. Wannan sani yana cikin kan mutumin da ya yi shekara ashirin yana gaisawa da su, kuma a ganina shi ne jarin da ya fi kowane daraja a shagon, ko da yake ba a rubuta shi a littafin lissafi, ba a kuma cika biyansa hakkinsa ba.

Me ya haɗa komik da wasanni a shago ɗaya?

Masu saye ne suka haɗa su tun farko, daga baya kuma larura ta ƙulla su. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da 'yan wasa ke zama a tebur kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum guda yana jan ragamar labari, ana jefa ɗan lido mai fuska ashirin domin sanin ko yunƙurin mutum ya yi nasara. A Landan kuma aka kafa kamfanin Games Workshop a 1975, wanda ya fito da Warhammer a 1983, wasan yaƙi da ƙananan sojojin roba ko ƙarfe da mai su ke haɗawa ya yi musu fenti da hannunsa. Masu son waɗannan wasanni galibi su ne masu karanta komik, don haka shaguna suka ware musu lungu. Lungun ya zama rabin shago ne bayan 1993, shekarar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da wasan kati na Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield ya ƙirƙira. Ya zo daidai lokacin da kasuwar komik ta fara tangal-tangal, kuma shaguna da yawa da kuɗin kati suka biya haya a shekarun da suka biyo baya. Katin Pokémon da ya iso Amurka da Turanci a 1999 ya sake cika shagunan da yara da iyayensu.

Me ya faru a shekarun 1990 da tsofaffin ma'aikata ke yawan ambata?

Abin da ya faru shi ne kwaɗayi ya shiga kasuwar daga kowane ɓangare. Labari ya bazu cewa tsofaffin komik suna kuɗi, sai mutanen da ba ruwansu da karatu suka fara sayen kwafi biyar ko goma na sabuwar fitowa suna ɓoyewa, da tunanin wata rana za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a da su. Kamfanoni suka biye musu. Fitowar farko ta sabon jerin X-Men a 1991 ta zo da bango iri biyar, kuma shaguna sun yi odar fiye da kwafi miliyan takwas. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya kashe Superman a cikin labari, aka sayar da fitowar cikin baƙar leda, mutane suka yi layi a ƙofar shaguna, sannan a 1993 aka dawo da shi da rai. Abin da masu ɓoye kayan ba su lura da shi ba shi ne, tsohon komik yana tsada ne saboda kaɗan ne suka tsira daga kwandon shara, abin da kuwa miliyoyin mutane suka adana cikin leda ba zai taɓa yin wuyar samu ba. Da suka farga suka janye gaba ɗaya, suka bar shaguna da kayan da ba su da damar mayarwa.

Kafin a farfaɗo daga wannan, kamfanin Marvel ya sayi wani kamfanin rarrabawa mai suna Heroes World a ƙarshen 1994, ya ce daga 1995 ta nan kaɗai za a sami mujallunsa. Sauran manyan kamfanoni suka ƙulla yarjejeniya da Diamond, wanda Steve Geppi ya kafa a 1982, ƙananan diloli suka durƙushe, Diamond ya haɗiye babban abokin hamayyarsa Capital City a 1996, kuma a watan Disamba na wannan shekarar Marvel kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Dubban shaguna sun rufe a tsakanin waɗannan shekaru. Ma'aikacin da ya tsallake wannan zamani yakan zama mai taka-tsantsan har abada, kuma idan matashin abokin aikinsa ya zo da zumuɗin cewa a ninka odar wata mujalla domin kowa na maganarta, yakan kai shi ɗakin ajiya ya nuna masa kwalayen 1993 da har yanzu ba su ƙare ba.

Shin ana samun abin rufin asiri a wannan aiki?

Da ƙyar ake samu, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Aikin kanti ne, kuma ladan yakan kasance kusa da mafi ƙarancin albashin jihar da shagon yake. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu sama da haka. Ƙaramin shago mai ma'aikata uku ko huɗu sau da yawa ba ya iya ba da inshorar lafiya ko tanadin fansho, abin da ke da nauyi ƙwarai a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan iya cinye albashin watanni. Abin da kusan kowane shago ke bayarwa shi ne rangwame ga ma'aikaci, wanda a zahiri hanya ce da wani kaso na albashin ke komawa aljihun mai shago. Waɗanda suka daɗe galibi sun zama manajoji, ko suna da abokin zama mai aiki mai tsoka, ko suna haɗawa da sayar da kayansu ta intanet.

Yaya ake yi da mutanen da ke kawo tsofaffin komik domin sayarwa?

Wannan sashe ne da ke buƙatar ilimi da kuma tausasa harshe. Mutum yakan ji a labarai cewa an yi gwanjon fitowar farko ta Action Comics, wadda aka sayar santi goma a 1938, a kan dala miliyan shida a watan Afrilu na 2024, sai ya kinkimo kwalin da ya tarar a ɗakin ajiyar mahaifinsa yana sa ran dukiya. Sau tari abin da ke ciki na shekarun 1990 ne, wanda shagon ke sayar da irinsa dala ɗaya. Aikin ma'aikaci ne ya faɗa masa gaskiya ba tare da ya kunyata shi ba. Idan kuma akwai mai daraja a ciki, a nan ake gwada amanarsa, domin mai kayan bai san abin da yake riƙe da shi ba, kuma shagon da aka sani da danne wa marayu da zawarawa kaya ba ya daɗewa kafin sunansa ya ɓaci a gari.

Kimantawar kanta sana'a ce. Ana duba kusurwoyi, da ƙashin bayan mujallar, da tsatsar ƙarfen da ya maƙale shafuka, da launin takarda, da ko an yanke wani abu a ciki, da ko wani ya shafa tawada ya rufe tabo. Tun 1970 ake fitar da kundin farashi na Overstreet, kuma daga 2000 kamfanin CGC ya fara ba komik maki daga 0.5 zuwa 10 yana rufe shi cikin akwatin roba. Wannan ya rage gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, sai dai ya haifar da wani abin mamaki, wato littafi mai tsada da ba wanda zai sake buɗe shi. A ɓangaren kati kuma matsalar jabu ce, shi ya sa za a ga tsohon ma'aikaci da ƙaramin gilashin ƙara girma yana leƙa ɗigon tawadar da ke bayan kati kafin ya ba da ko sisi.

Wasannin katin nan ba caca ba ce?

Tambaya ce da iyaye suka daɗe suna yi, kuma tana da tushe. Ana sayar da katin ne cikin ƙunshi a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba, kuma ƙunshi ɗaya kan iya ɗauke da katin da ya ninka kuɗinsa sau da yawa yayin da goma ba su da komai. A dokokin farko na Magic ma akwai sharaɗin kowane ɗan wasa ya ajiye kati ɗaya wanda mai nasara zai kwashe, amma an yi watsi da shi a gasannin hukuma, kuma tsoron dokokin caca na cikin dalilan hakan. Wasan kansa na ƙwarewa ne da lissafi, sai dai buɗe ƙunshi yana iya zama jaraba. Ma'aikaci mai mutunci, idan ya ga yaro yana zuba kuɗinsa yana neman kati ɗaya, yakan nuna masa cewa sayen katin kai tsaye daga akwatin gilashi ya fi sauƙi, ko da kuwa shagon zai fi cin riba idan ya yi shiru.

Mene ne aikin ma'aikaci a daren gasa?

Shi ne mai masauki, shi ne alƙali, wani lokaci kuma shi ne mai raino. Shaguna da yawa suna gudanar da gasar Magic kowane daren Juma'a, kuma a wani salon wasan mutum takwas ne ke zama a tebur, kowa ya buɗe ƙunshi uku ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi kati ya miƙa wa na kusa da shi sauran. Ma'aikaci ne ke rubuta sunaye, ya haɗa abokan karawa, ya yanke hukunci idan an yi saɓani a kan doka, ya sa ido kada babba ya cuci yaro a musayar kati, ya kuma jira har iyayen yaro na ƙarshe su zo kafin ya kulle ƙofa, wani lokaci bayan sha biyun dare. Teburan suna cin fili mai tsadar haya, kuma kuɗin shiga gasa ba ya biyan wannan. Ana yi ne domin mutumin da ke da wurin zama da abokai a shago ba ya rasa dalilin sayen kayansa a nan, ko da ya ga mai rahusa a intanet.

Akwai haɗarin shiga hannun hukuma?

Akwai, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Mutane da yawa suna ɗauka komik na yara ne kawai, alhali wani na manya ne zalla. A 1986 'yan sanda suka kama manajan wani shago mai suna Friendly Frank's a garin Lansing na jihar Illinois bisa zargin sayar da mujallun batsa. An same shi da laifi, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, kuma ragowar kuɗin da mawallafi Denis Kitchen ya tara domin kare shi ne ya zama tushen ƙungiyar Comic Book Legal Defense Fund, mai kare masu harkar komik a kotu. Abin lura a shari'ar shi ne, wanda ke tsaye a kanta aka kama, ba wanda ya zana ko ya buga ba. Shi ya sa shaguna ke ware mujallun manya a wani sashe, kuma ma'aikaci ke buƙatar sanin abin da ke cikin littafi kafin ya miƙa wa ɗan shekara goma.

Finafinan jarumai ba su cika shagunan da masu saye ba?

Ba kamar yadda ake zato ba. Miliyoyin da ke kallon fim ba su ne ke zuwa ranar Laraba ba, kuma wanda ya shigo bayan ya kalli fim yakan rikice idan ya tarar jarumin yana da tarihin shekara sittin da jerin mujallu barkatai. A nan ma'aikaci ke da amfani, domin shi ne zai tambaye shi abin da ya burge shi, ya zaɓo masa littafi ɗaya cikakke da zai fara da shi. Dabarar da ta fi tasiri wajen jawo baƙi daga wani mai shago ta fito, Joe Field na garin Concord a Kalifoniya, wanda ya ba da shawarar ware rana guda a riƙa raba komik kyauta. An fara a ranar 4 ga Mayu, 2002, kuma ana yi a Asabar ta farko ta watan Mayu. Kyauta ce ga mai karɓa kawai, domin shagon yana biyan ɗan kuɗi a kan kowane kwafi, kuma ga ma'aikaci ita ce rana mafi gajiya a shekara.

Masu saye sun sauya a tsawon shekarun nan?

Sun sauya sosai. A da an san shagunan da duhu da ƙura da ma'aikaci mai girman kai wanda ke yi wa baƙo jarrabawa kafin ya kula shi, musamman idan mace ce, kuma wannan suna ba ƙage ba ne gaba ɗaya. Shigowar manga, wato komik na ƙasar Japan, a shekarun 2000 ta kawo 'yan mata da yara masu yawa, wasannin tebur irin na Turai, kamar Catan da Klaus Teuber ya fitar a Jamus a 1995, suka kawo ma'aurata da iyalai. Ma'aikatan da suka kasa sakin fuska ga waɗannan baƙi sun ga shagunansu sun tsufa tare da su.

Yaya annobar korona da rikicin rarrabawa suka shafi aikin?

A ƙarshen Maris na 2020 Diamond ya dakatar da aika sababbin mujallu, kuma sai a ranar 20 ga Mayu aka ci gaba. Kusan mako bakwai ke nan babu Laraba, babu gasa, ma'aikata suna miƙa kaya a bakin titi ko suna kai wa kwastomomi har gida. A wannan shekarar DC ya raba gari da Diamond, Marvel ya mayar da rarraba mujallunsa hannun kamfanin Penguin Random House a watan Oktoba na 2021, kuma a watan Janairu na 2025 Diamond ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Mai odar da ya saba da kundi ɗaya da takardar biya ɗaya ya koma hulɗa da kamfanoni da dama, kowanne da wa'adinsa da kuɗin jigilarsa. A lokacin annobar kuma farashin katin Pokémon ya yi tashin gwauron zabo, har kantunan Target suka dakatar da sayar da shi a cikin shagunansu a watan Mayu na 2021 bayan wani faɗa a jihar Wisconsin. Ƙananan shaguna sun sha ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya domin yaran unguwa su samu, sun kuma ƙara makullai saboda masu fasa shago da dare.

Aikin yana taɓa lafiyar jiki?

Yana taɓawa. Dogon kwalin ajiya yana ɗaukar komik ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari uku, nauyinsa kan kusanci kilo ashirin, kuma wanda ya yi shekara talatin yana ɗaga irinsa daga ƙasa, yana kuma tsayuwa wuni guda a kan siminti, bayansa da gwiwoyinsa sukan ba da labari.

Yaya irin wannan doguwar hidima take ƙarewa?

Hanyoyin ba su da yawa. Wani yakan sayi shagon idan mai shi ya tsufa, galibi da biya kaɗan-kaɗan na shekaru, domin banki ba ya ɗokin ba da rance a kan ɗaki cike da tsohuwar takarda. Wani yakan koma aiki da kamfanin rarrabawa ko na wallafa ko masu gwanjo, inda idonsa na kimanta kaya ke da kasuwa. Wani kuma yakan zo wata safiya a gaya masa cewa mai gini ya ƙara haya kuma za a rufe a ƙarshen wata, ya fita yana da shekara hamsin da wani abu, da ilimin da ba shi da takardar shaida. Akwai lambar yabo ta Will Eisner da ake ba fitaccen shago kowace shekara a babban taron komik na San Diego, amma sunan shago da mai shi ake kira.

Waɗanda suka kai ƙarshe a bayan kantar sukan ga abin da sabon ma'aikaci ba zai gani ba. Yaron da aka taɓa ɗagawa sama domin ya ga kanta yakan dawo riƙe da hannun 'yarsa yana neman abin da za ta fara karantawa. Jakar wani kwastoma kuma takan yi mako uku tana cika ba a zo ɗauka ba, a kira waya ba a ɗaga ba, sai bayan wata biyu matarsa ta shigo da kwalaye goma sha biyu a bayan mota tana tambayar yadda za ta yi da su. Ma'aikacin yakan buɗe ya tarar da farashin da ya rubuta da hannunsa shekara ashirin da suka wuce a jikin ledojin, ya zauna ya kimanta mata su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya cire sunan mijin daga jerin ajiya kafin odar wata mai zuwa ta tafi.